Sanƙon Baba a Kaina

Saura mini shekara ɗaya in gama lise, wato babbar sakandare, a Tanut Baba ya rasu. Ciwon kwana kaɗan ne, ana gab da shuka. Na zuba littattafaina a buhu na koma ƙauyenmu da ke ƙasar Ollelewa, na ce wa abokan ɗakina su riƙe mini wurin kwanana, da an yi girbi zan dawo. Ni ne babba a ɗakinmu, bayana mata ne sai autanmu da bai isa riƙe hauya ba. Ƙanen Baba, wanda muke ce wa Baffa, rabin shekararsa a Aljeriya yake yi wurin ci-rani. Babu wanda ya buɗe baki ya ce in zauna in yi noman bana. Kowa ya san haka za a yi, ni ma na sani.

A gidan akwai Kaka, mahaifiyar Baba. Idonta ya daɗe da rufewa, da hannu take gane mutane. In ka durƙusa gaishe ta sai ta lalubi fuskarka da kanka, sannan ta faɗi ko kai wane ne. Ni maigidana take ce mini, irin wasan kaka da jika. Takan cusa yatsu cikin sumata ta ja, ta ce wannan ragon miji ko cefane ba ya yi, sai tara gashi kamar tunkiya. Suma kam ina da ita a lokacin, kuma ina ji da ita. A Tanut har layi nake sa mai aski ya fitar mini a gefe, kullum akwai ɗan mataji a aljihun wandona.

Baba shi ne ɗan farinta, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ɗan nan take cewa. In ya shigo gaisuwa sai ta kawar da fuska wajen bango ta amsa a gajarce, kuma ban taɓa ganin hannunta a kansa ba. Shi kuwa mai sanƙo ne tun yana saurayi, daga goshi har tsakar ka. In ya cire hula zai yi alwala muna yara mukan leƙa muna ƙunshe dariya, don rana na haskawa a kan kamar an shafa mai.

Ranar jana'iza Kaka ba ta yi kuka gaban mutane ba. Bayan an watse ne hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Sai ta tambayi Inna, mahaifiyata, ko ɗan nan ya dawo daga gona. Da farko gaskiya ake gaya mata, ta yi ta zubar da hawaye kamar yanzu ta ji, washegari ta sake tambaya. Da abin ya yi yawa Inna ta hana. Aka koma ce mata ya tafi kasuwar Belbeji da awaki. Ta yarda, amma ta ce ba za ta ci tuwo ba sai ya shigo. Da lallashi ake samu ta kurɓi kunu, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu.

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, geron da muka samu bai cika rumbu ba. Baffa ya bugo waya ya ce in ƙara haƙuri zuwa baɗi. Na yi ranin nan ina ɗebo wa mutane ruwa da amalanken jaki daga fanfo, da yamma in buɗe littafi in ga idona yana bin layi amma kaina ba ya riƙe komai.

Cikin wannan ranin ne mai askin kasuwar Ollelewa ya tsayar da injinsa yana tsakiyar yi mini aski, ya ɗan karkata kaina wajen haske. Ya tambaye ni shekaruna, na ce ashirin. Ya ce gefen goshina biyu sun fara shiga ciki, tsakiyar ma ta yi sharara. Ya ɗora mini madubi biyu na gani da idona. Na daɗe ina ganin gashi a mataji da bakin bokitin wanka, ina cewa wahalar rana ce da rashin cin mai kyau. Ran nan na sayi hular nan mai baki ta ƴan ƙwallo kafin in bar kasuwa.

Daga nan na shiga neman magani, kuma kowa na da nasa. Wata gwaggona ta ce ruwan albasa. Na yi ta matse albasa ina shafawa, har ƙannena suka daina zama kusa da ni. Na dafa ganyen magarya na wanke kai, na kwaɓa habbatus sauda da man kaɗe. Wani Buzu da ke sayar da cuku a kasuwar Belbeji ya ba ni kitsen tozon raƙumi a gwangwanin tumatir, ya rantse shi suke shafa wa ƴaƴansu. In na shafa na rufe da hula na fita rana, kitsen ya narke ya riƙa gangarowa ta bayan kunnena, ƙudaje na bina. Wanzamin garinmu ya ce mataccen jini ne ya taru, ya kafa mini ƙaho a ƙeya. Abin da na samu kawai ƙuraje ne da ƙaiƙayi, gashin kuma bai fasa tafiya ba.

Hular ta zame mini kamar fata ta biyu. Da ita nake noma, da ita nake cin abinci. A masallaci nakan sauya ta da ƙube cikin sauri, in zan yi shafar kai sai in koma bayan randa inda ba kowa. Samarin dandali suka gane, suka fara ce mini Dattijo. In mun zauna shan shayi wani sai ya fizge hular ya ce a ba babba kofin farko. Nakan yi dariya tare da su. Akwai yarinyar da nake zuwa zance wurinta a unguwar gabas, ita ma wata rana cikin wasa ta ce in cire ta gani ko gaskiya ake faɗa. Ban cire ba, kuma ban ƙara komawa ba. Ba ta kore ni ba, ni na kori kaina. Abokaina na lise suna turo hotuna a waya sun ci bak, jarrabawar gama lise, kowa da sumarsa a gyare. Ni ban ƙara tsayawa an ɗauke ni hoto ba.

Damina ta biyu ta yi albarka. Wani mushe, wato malamin da ya koyar da mu lissafi, ya aiko mini cewa in na zo da buɗe makaranta za a duba yadda zan maimaita ajina. Baffa ya dawo gida, ya ce ya amince. Na wanke kayana, na je aka yi mini aski ƙasa-ƙasa don kada ramukan su fito sosai.

Saura ƴan kwanaki in tafi, na shiga ɗakin Kaka da hantsi in kai mata ruwan alwala. Na sunkuya zan ajiye buta, hular ta bugi bakin ƙofa ta faɗi. Na daɗe ina kauce wa hannunta, in na zo gaisuwa hannuna kawai nake ba ta. Ran nan ta riga ni. Tafinta ya sauka a goshina, ya haura sama a hankali, ya tsaya a tsakar kaina inda babu komai sai santsi. Na jira ta yi mini tsiya irin ta da. Sai ta sake shafa wurin.

Ta ce, "Ɗan nan, ka dawo? Kasuwar ta riƙe ka."

Na buɗe baki zan ce ni ne, sai na ga Inna tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar fura. Ta girgiza mini kai kaɗan. Na ce, "Na dawo, Iya." Haka Baba yake kiranta. Muryata ma ashe ta koma irin tasa, ni ne ban lura ba.

Kaka ta ce a kawo tuwo. Ta ci har ta nemi ƙari, hannunta ɗaya na kan kaina ba ta ɗauke ba. Inna ta fita bayan ɗaki ta daɗe ba ta dawo ba.

Daga ranar ba ta cin komai sai ina zaune. In na tafi gona da sassafe furarta na nan a rufe har in dawo. Na gwada kwana ɗaya a Tanut don in ga mushen nan, na dawo na tarar ko ruwa da ƙyar ta sha, tana ta tambaya ko ɗan nan ya sake komawa kasuwa. Da yamma Baffa ya kira ni ƙofar gida. Shi ma ɗanta ne, amma gashinsa cike yake har da furfura, in ta taɓa shi ta san shi ne, ba ta karɓar abinci a hannunsa. Ya yi ta zagaye yana zancen tsufa da haƙƙin iyaye, ya ce tsohuwar nan kwana nawa ya rage mata, makaranta kuwa ba inda za ta je. Bai ce kada in tafi ba. Ya ce in duba da kaina. Na duba, na kwance kayana na mayar cikin akwati.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne hirar. Kunyar ɗan fari da ta riƙe duk rayuwarta ta tafi tare da hankalinta. Sai ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, tana shafawa tana ba ni labarin ranar da ta haife ni, wato shi, a shekarar da suka yi gudun yunwa zuwa kudu, yadda ta goya shi tana tafiya nononta ya ƙafe. Ta ce ta so ta riƙa kiran sunansa ko sau ɗaya, amma ido ya yi yawa. Maganganu ne da Baba ya mutu bai ji ba, ni nake jin su, kuma ba ni da wanda zan kai wa.

Wani lokaci sai ta tuna da ni. Ta ce, "Ina yaron nan naka mai tarin gashi, maigidana?"

In ce yana Tanut, yana lakwal.

Ta ce, "To ka bar shi ya yi karatunsa. Kada ka jawo shi gona, ba shi da ƙarfin hauya."

In ce to, Iya, ba zan jawo shi ba.

A waje ma abin ya bi ni. Tsofaffin da suka yi samartaka da Baba suka fara tsayar da ni a hanya suna cewa kamar an tsaga kara. Aka fara aiko mini goron ɗaurin aure da na suna a matsayin maigida. In an yi rikicin iyakar gona ko shanun makiyaya sun shiga wake, ni ake kira in zauna cikin manya in yi shiru. Inna ta fito da rigunan Baba ta ce ba amfanin su ruɓe a akwati. Sun yi mini daidai. Samarin da nake shan shayi da su suka daina tsokanata, suka koma rage murya in na iso, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo.

Ban daina son gashina ba duk da haka. Wata rana na kai autanmu asibitin Ollelewa yana zazzaɓi, da aka gama da shi na tsaya na cire hula gaban majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin. Shi ne mutum na farko da na nuna wa da gangan. Ya duba fatar da kyau, ya tambaye ni ko akwai mai sanƙo a gidanmu. Ya ce wannan ba cuta ba ce, ba makero ba ne, ba rashin jini ba, gado ne, kuma in daina zuba wa kaina duk abin da aka miƙo mini tunda ga fatar ta fara ƙuna. Ya ce akwai wani ruwa da ake sayarwa a farmasi a Damagaram, ana shafawa safe da yamma. Wasu yana tsayar musu da zubar, wasu har ya ɗan fito da sabo, wasu ba ya yi musu komai. Sai an yi watanni kafin a ga alama, kuma ranar da aka daina, abin da ya fito zai koma. Ya ce in na ji zan iya, in gwada, in kuma na aske na huta ba wanda ya taɓa mutuwa da sanƙo.

Kashedin duk ya bi ta bayan kunnena, abin da na riƙe kawai shi ne har ya ɗan fito da sabo. Abokina da muka yi aji ɗaya yana jami'a a Damagaram, shi ya riƙa sayowa yana ba direbobin Tanut. Na ɓoye kwalbar a cikin rumbu. Na bi ƙa'ida kamar salla. Watannin farko zubar ma ƙaruwa ta yi, na kusa jefar da ita. Can wajen tsakiyar rani, ina shafa tsakar kaina sai na ji wani laushi kamar jikin ɗan tsako. Na ɗauki madubin ƙanwata na fita bayan gida. Gashi ne, siriri, bai ko yi baƙi sosai ba, amma gashi ne. Rabon da in ji daɗi irin na ran nan tun Baba na da rai. Har na fara lissafin yadda zan koma unguwar gabas, ban san an riga an kai kayan yarinyar nan wani gida ba.

Kaka ta ji shi kafin kowa ya gani. Dama tun farko tana cewa kaina na warin asibiti. Ran nan ta shafa, ta sake shafawa, ta janye hannu ta ɓoye cikin zane. Ta tambaya wane ne wannan. Na ce ni ne, Iya. Ta ce a'a, ɗan nan ba shi da gashi a nan. Ba ta kuma ce maigidana ne ba, don wancan sumarsa cike take. Na zama baƙo a ɗakin, ba ɗan ba, ba jikan ba. Ta ture ƙwaryar, ta juya wajen bango, ta ce a gaya wa baƙon nan ya fita, ɗakin mata ne.

Ta wuni ba ta ci ba, washegari ma haka. Inna ta same ni ina ba jaki dusa. Ta san da kwalbar tun tuni, ita ke shiga rumbu kullum. Ta ce ba za ta ce mini in daina ba, kai nawa ne, kuma ta san abin da aka riga aka karɓe mini a gidan nan. Sannan ta ce ita dai ba ta san yadda za ta yi da tsohuwar ba. Ta koma ciki.

Sai na ɓullo da dabarar da har yau in na tuna nakan rasa ko dariya zan yi. Na sayi reza. Kullum da safe in aske tsakar kaina tas, in wanke da sabulu don warin ya fita, in shiga in ba Kaka fura. In na fito in shiga rumbu in shafa magani. Da yamma ma haka. Ina shuka gashi ina nome shi da hannuna. Kaka ta karɓe ni, ta ce ɗan nan ina ka shiga, wani baƙo ya zo yana ta zama mini a ɗaki. Amma maganin a kan fatar da reza ta bi zafi yake kamar barkono, kan ya yi ja ya fara saɓa. Na yi ta yi har kwalbar da ke hannuna ta ƙare. Abokina ya bugo yana tambaya ko ya aiko da wata, na ce ya bari tukuna. Ban sake ce masa ya aiko ba. Kafin damina ta kama ɗan abin da ya fito ya koma, ya tafi da na kusa da shi, kamar yadda majo ya faɗa. Rezar ma ta daina amfani sai a gefe da ƙeya.

Kwanakin da Baffa ya ce sun rage wa Kaka suka zama shekaru. Tana cin tuwonta ta yi ƙiba, awarwaron ya koma wurinsa. Na aurar da ƙannena biyu, ni na zauna a matsayin uba aka nemi aurensu a hannuna. Akwai ranakun da nakan zauna kaina a cinyarta in ji ina son in tashi in kama hanya ko ina ne, in kuma ji kunyar tunanin tun bai gama zuwa ba. Akwai kuma ranakun da barci ke ɗauke ni a wurin, don ba a taɓa shafa kaina da irin wannan so ba, ko da ba ni ake nufi ba. Na daina sa hular ƴan ƙwallo, na koma ƙuben Baba.

Kaka ta rasu lokacin girbi, ana ɗaurin gero, bayan azahar. Ina riƙe da kofin ruwa. Maganarta ta ƙarshe da na gane ita ce in rufe awaki kada su shiga gonar mutane. Allah ya jiƙanta.

Bayan sadakar arba'in na shiga mota zuwa Tanut. An ce mini wanda ya bar makaranta yana iya rubuta sunansa ya zauna bak daga gida. Na sa farar riga mai tsabta, na sami ofishin, na tarar da samari da ƴan mata cike a baranda, kowa da waya a hannu. Wani ya tashi ya ba ni kujerarsa. Da layi ya zo kaina, matar da ke teburin ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, yaron bai zo da kansa ba? Sai da shi ake yi."

Na ce mata ni ne yaron. Ta ɗago ta dube ni, ta ba ni haƙuri, ta yi mini bayanin takardun da zan kawo da lokacin da za a rufe. Mutuniyar kirki ce, har ta ce akwai waɗanda suka girme ni da suka ci. Na yi godiya na fito.

A tasha na zauna jiran mota ta cika, ina ƙoƙarin tuno ko da darasi ɗaya na lissafi daga farkonsa zuwa ƙarshe, na kasa. Wayata ta yi ƙara. Inna ce, tana cewa Baffa ya sa ranar komawa Aljeriya, gyaɗa kuma na nan a gona ba a gama cira ba, ga masu neman auren ƙanwata ta uku sun ce za su zo jibi, wa zai karɓe su. Na ce mata ina hanya. Yaron mota ya buɗe mini gidan gaba ya ce Alhaji ya shiga nan, baya akwai matsi. Na shiga. Muka kama hanyar Ollelewa rana tana faɗuwa, ana ta ɗora dammunan gero a kan amalanke a gonakin bakin hanya.